Linzamin Kan Tsohon Babur: Abin da Muka Gani a Suame

A wannan wata mun ajiye alli da littafin darasi, mun bi wani tsohon ɗalibinmu zuwa Suame Magazine a nan Kumasi, inda muka shafe Asabar uku muna kallon yadda ake gyaran wani ɗan ƙaramin abu da ke wuyan tsohon babur. Abin bai fi murfin gwangwanin madara faɗi ba, amma rashin sanin aikinsa ya kusa raba yaron da ransa. Don haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin dalla-dalla, domin babu gidan da ba shi da mai hawa babur a zangonmu, ko moto kamar yadda muka fi kiransa a nan.

Yadda abin ya faru

Yaron nan ya gaji babur ɗin ne daga kakansa, wani tsohon falken goro, wanda danginsa suka ce ya saye shi na hannu ba da daɗewa ba bayan ƙasar nan ta sami mulkin kai a 1957. Babur ɗin ƙirar BSA ne na shekarar 1955, irin wanda ake kira Golden Flash. Kamfanin da ya yi shi yana birnin Bamingam a Ingila, an kafa shi a 1861 don ƙera bindigogi, shi ya sa tambarinsa bindiga uku ne a jingine da juna. Ya soma yin babura a 1910, kuma a shekarun 1950 babu kamfanin da ya fi shi yawan babura a duniya. Shi wannan samfurin ya shiga kasuwa a 1950, injinsa silinda biyu ne mai girman sisi 646, aka daina yinsa a 1963. Kamfanin kansa ya durƙushe a farkon shekarun 1970.

Babur ɗin ya yi shekaru a zaure an lulluɓe shi da buhuna. Da yaron ya tasa ya sami aiki, sai ya tashe shi. Ya gyara inji, ya sake fenti, ya goge ƙarafa har suna ɗaukar ido, duk unguwa aka yi ta sa masa albarka. Amma akwai abu ɗaya da ya dame shi. Duk lokacin da ya kai gudun kilomita 60 ko kusa da haka, ya sassauta mai, sai kan babur ya fara kaɗawa hagu da dama. Abokansa suka ce ai ga maganin nan a gabansa, wato wani baƙin mamurɗi mai kama da kan famfo da ke tsakiyar kan babur, suka ce ya murɗa shi ya ɗaure tam. Ya murɗa har ya ƙi tafiya.

Wata ranar Lahadi yana dawowa ta hanyar Mampong da buhun shinkafa mai kilo 50 a baya, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami. Kan babur ya ƙwace daga hannunsa, ya riƙa dukan tanki ta nan da ta can, kafin ya ankara yana ƙasa. Allah ya sa da hular kwano a kansa, kuma babu mota a bayansa. Ya karye a hannu, ya yi wata biyu ba ya zuwa aiki. Mahaifiyarsa ta ce a sayar wa masu gwangwan da wannan akwala a huta. Shi kuwa ya ce abin da kakansa ya bari ke nan. Da aka kawo maganar gabanmu, muka ce a bari a kai shi wajen wanda ya san kansa, in ya ce ba ya gyaruwa a sayar.

Me ke sa kan babur rawa?

Kafin mu shiga gareji, bari mu yi ɗan darasi, tun da aikinmu ke nan. Duk wanda ya taɓa tura gadon marar lafiya a asibiti ya ga yadda ƙananan tayoyinsa ke juyawa da kansu su bi inda aka nufa. Dalili shi ne inda tayar ke taɓa ƙasa yana bayan inda aka ɗaura ta, saboda haka jan ta ake yi, ita kuwa tana bi. In an tura gadon da sauri, wani lokaci sai ka ga taya ɗaya ta kama karkarwa. Tayar gaban babur ma haka aka tsara ta. In dutse ya kautar da ita, sai ta nemi komawa tsakiya da kanta. Amma takan zarce tsakiyar ta wuce ɗaya gefen, ta sake dawowa ta sake zarcewa. A babur mai lafiya wannan kai da komo yana mutuwa nan take, mahayi ma ba ya ji. A babur marar lafiya kuwa ƙaruwa yake yi, kan yana iya kaɗawa sau 6 zuwa 9 a cikin sakan ɗaya, kuma babu hannun ɗan Adam da zai iya bin wannan sauri.

Ga gwajin da muke yi wa 'yan aji. Danne rula a bakin tebur, ka ja ɗaya ƙarshen ka saki, za ta yi ta rawa. Sake yi, amma ka ɗan taɓa gefenta da yatsa, sai rawar ta mutu da wuri. Aikin yatsan nan shi ne aikin abin da makanikai ke kira damfa, mu kuwa muka ga ya dace a kira shi linzamin kan babur. Yana shan ƙarfin rawar ta hanyar gugar abu da abu. Amma a lura da kyau, yatsa bai hana wani ya sake jan rular ba. Wato linzami yana rage rawa ne kawai, abin da ke haddasa ta yana nan inda yake.

Iri biyu ne. Akwai na faifai, irin na tsofaffin baburan Ingila, wanda muke magana a kansa. Akwai kuma na mai, wanda ya yi kama da ƙaramin shakazoba, inda fistin ke tura mai ta ƙaramin rami. Kamfanin BMW na Jamus ya sa irin wannan a samfurinsa R69S na shekarun 1960. Na mai ya fi kyau ta fuska ɗaya, domin in an juya kan babur a hankali ba ya riƙewa, sai in kan ya fizga ne yake yin tauri. Na faifai kuwa riƙonsa ya fi ƙarfi a daidai lokacin da za a fara juyawa, shi ya sa ɗaure shi da yawa yake da haɗari.

A gaban tsohon fita

Suame Magazine ba baƙon wuri ba ne ga mutanen Kumasi. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa, inda masu sana'ar ƙarfe suka fara taruwa a kusa da ita, daga baya aka mai da su Suame. A can muka sami wani dattijo wanda ya koyi aiki tun lokacin da baburan Ingila ba su ƙare a kan titi ba. Muka gaisa, yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, linzamin nan nake so a gyara mini, shi ya kayar da ni."

Dattijon bai ko dubi mamurɗin ba. Ya sa aka kafe babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, aka tura kututture a ƙarƙashin firam har tayar gaba ta bar ƙasa. Sannan ya kwance mamurɗin gaba ɗaya, ya ce da mu, "Tica, zo ka juya kan nan a hankali, ka gaya mini abin da hannunka ya ji." Muka juya. Da aka zo tsakiya sai muka ji kan ya ɗan faɗa cikin wani gurbi, sai an ƙara ƙarfi yake fita. Ya ce, "To, ka ji ciwon farko." Ya kama ƙafafun fok daga ƙasa ya tura ya jawo, muka ji ƙas-ƙas. Ya ce, "Ga na biyu."

Abin da ke cikin wuyan irin wannan babur boris ne na ƙwallayen ƙarfe masu kaurin rubu'in inci, a zube cikin kofi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In boris ya yi sako-sako, kowane rami sai ƙwallayen su daki kofin a wuri guda, domin yawancin tafiya kai yana tsaye ne a tsakiya. A kwana a tashi sai su haƙa wa kansu gurabe. Da aka buɗe, muka ga guraben da idonmu a jere, wasu ƙwallayen ma sun yi tsatsa.

Bai tsaya nan ba. Ya duba tayar gaba, ya nuna mana tsattsagewa a gefenta, ga tsakiyarta ta cinye ta yi tudu da kwari, iskarta kuma ba ta kai ba. Ya bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da sufana, biyar suka yi ƙara irin ta fasasshiyar tukunya, wato sun saki. Ya ɗaura igiya daga tayar baya zuwa ta gaba, aka ga ba sa kan layi ɗaya. Ya zuba man fok a gwangwani biyu, na ƙafa ɗaya ya fi na ɗayar yawa. Daga nan ya juya wajen yaron ya ce, "Ɗana, waɗanda suka ƙera babur ɗin nan ba su da laifi, linzami ma ba shi da laifi. Shekaru ne da rashin kula. Ka ɗora buhu a can baya, gaba ya yi sauƙi, ga waɗannan cututtuka shida, ka ce faifai ɗaya ya riƙe su duka? Linzami shi ne na ƙarshe da za mu taɓa."

Asabar ta farko da ta biyu duk a kan waɗannan suka ƙare. Aka sa sababbin kofuna da ƙwallaye da giris, aka ɗaure wuyan daidai yadda kai zai faɗi gefe da nauyinsa ba tare da ƙas-ƙas ba. Aka sa sabuwar taya, aka ɗaure wayoyi, aka daidaita layi, aka zuba mai daidai wa daida.

Kwance linzami

Ran Asabar ta uku aka zo kan linzami. Kayansa ba su da yawa. Akwai mamurɗi a sama. Akwai doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa cikin wuyan babur ta fito ta ƙasa. A can ƙasa akwai faifai mai kaushi wanda aka yi da irin abin da ake yin takalmin birki, da farantin ƙarfe mai hannu wanda aka ɗaure hannunsa a jikin firam don kada ya juya, da sifirin mai kama da tauraro. In an murɗa mamurɗi, sanda takan ja sifirin, sifirin ya matse faranti da faifai a jikin ƙarfen da ke juyawa tare da kai. To, gugar da ke tsakanin mai juyawa da marar juyawa ita ce riƙon.

Dattijon ya shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da ya cire sai ya ajiye shi a jere yadda ya fito, fuskar sama tana kallon sama. Ya sa yaron ya ɗauki hoto da wayarsa kafin a taɓa komai, domin jerin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa yakan wayi gari da washa ɗaya a hannu bai san gurbinta ba. Notin da ya ƙi kwancewa aka jiƙa shi da kananzir aka bar shi, ba a sa masa guduma ba.

A nan akwai abin lura ga matasan makanikai. Notunan tsofaffin baburan Ingila ba na milimita ba ne. Sufanunsu na awon Witiwat ne, kuma yawancin kusoshin jikin firam haƙoransu 26 ne a kowane inci. Wanda ya sa sufanar milimita zai cinye kan noti, wanda ya tilasta notin zamani a kan tsohuwar sanda zai kashe haƙoranta. Dattijon yana da sufanunsa a cikin wata tsohuwar jakar fata, ba ya ba kowa aro.

Ga abin da aka tarar. Faifan ya jiƙe sharkaf da giris ɗin da ya riƙa gangarowa daga boris na ƙasa, ya yi santsi kamar sabulu. Sifirin ya miƙe ya zama shimfiɗaɗɗe saboda ɗaurin da aka yi masa, babu sauran tsalle a jikinsa. Ramin hannun faranti ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai, har kai yana iya motsawa kaɗan kafin faranti ya san an yi. Sandar kuma da aka mirgina ta a kan gilashi sai aka ga tana ɗingishi, wato ta lanƙwashe. Ashe duk murɗin da yaron ya yi, wani wuri linzamin ya cije, wani wuri ya sake, a daidai tsakiya inda rawa ke farawa kuwa ba ya riƙe komai.

Gyara da mayarwa

Aka wanke ƙarafan da kananzir, aka bi da fetur don kada maiƙo ya rage, a fili nesa da masu walda. Aka shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri, aka riƙa goga fuskar faranti ana zagayawa kamar ana rubuta lamba 8, har duk fuskar ta yi haske bai ɗaya. Dalilin gilashi shi ne ya fi kowane teburin gareji daidaito. Ramin da ya faɗaɗa aka kai wa mai walda ya cike, aka sake huda shi daidai kaurin kusarsa. Sandar kuwa dattijon ya ce ba ya son a miƙe ta, aka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya fitar da sabuwa, ya yanka mata haƙora 26 a inci don ta shiga tsohon mamurɗi. Sifirin aka samo na kwance mai sauran ƙarfi a wajen wani mai tara tsofaffin kaya.

Faifai dai ba ya wankuwa. In mai ya shige shi, ko an wanke yau, gobe zai sake tsattsafowa. Sai aka yanka sabo daga fallen abin birki na zamani, aka bi faɗin tsohon da kaurinsa. A nan muna roƙon jama'a su saurara da kyau. Tsofaffin faifai da takalman birki na wancan zamani da yawansu da asbesto aka yi su, kuma ƙurarsa in ta shiga huhu tana jawo ciwon daji wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Kada a goga tsohon faifai da samfefa, kada a hura ƙurarsa da baki ko da iskar famfo. A jiƙa shi, a ƙulle a leda, a kawar da shi inda yara ba za su tsinta ba.

Wajen mayarwa aka bi hoton waya. Giris kaɗan a haƙoran sanda da ƙarƙashin mamurɗi kawai. Faifai da faranti a bushe suke aiki, dattijon ma sai da ya wanke hannu kafin ya ɗauke su. Bayan an gama, tayar gaba tana sama, aka gwada. Mamurɗi a sake, kai yana yawo ba abin da ya tare shi. Aka murɗa kaɗan, ya ɗan yi nauyi. Aka ƙara, nauyin ya ƙaru, kuma iri ɗaya ne tun daga ƙarshen hagu har ƙarshen dama. Dattijon ya ce haka ake so.

Ga masu irin na mai, gwajinsa shi ne a cire shi a tura a jawo da hannu. In ya tafi sumul da nauyi ɗaya, lafiya lau. In akwai inda ya zarce fayau, iska ta shiga ko mai ya tsiyaye. Wasu ana buɗe su a sake roba a zuba mai, wasu kuwa a rufe aka yi su, sai dai a sake sabo.

Yaya ake ɗaure shi?

Wannan ita ce tambayar da yaron ya yi, amsar kuma ta ba shi mamaki. Dattijon ya ce a kan kwalta mai kyau, mutum ɗaya, a bar shi kusan a sake. A hanya mai gargada a ƙara kaɗan. Masu haɗa wa babur akwatin fasinja a gefe su ne suka fi bukatarsa, domin irin wannan haɗi yakan kaɗa kai a ƙaramin gudu. Dalilin da ya sa ba a ɗaure shi tam shi ne, abin hawa mai ƙafa biyu yana tsayuwa ne da 'yan ƙananan gyare-gyaren da kai ke yi a kowane lokaci, waɗanda mahayi bai ma san ana yi ba. In an hana kai wannan motsi, sai babur ya riƙa tangaɗi a cikin gari kamar mai jin barci, ya kuma ƙi shan kwana yadda aka nufa.

In kuwa rawa ta kama mutum a hanya, kada ya damƙi birkin gaba, kada ya sandare hannuwa yana kokawa da kai. Ya matse tanki da gwiwoyi, ya ɗan karkato gaba, ya sassauta mai sannu a hankali har ya tsaya. Daga nan kuma kada ya ce ai ta wuce, ya nemi dalili.

Dattijon ne ya fara hawa, ya zaga ya dawo. Sannan yaron ya hau da hularsa, ya kai gudun da a da yake jin tsoro, ya sassauta mai, kai bai motsa ba, alhali mamurɗin yana kusan a sake. Da ya dawo ya ce, "Baba, ashe ma ban bukace shi ba." Dattijon ya ce, "Ranar da za ka bukace shi ba za ta yi maka sallama ba. Bar shi da lafiyarsa." Mahaifiyarsa ta yarda babur ya zauna, da sharaɗin buhun shinkafa ya riƙa zuwa a aboboya.

Mun san yawancin masu karatunmu ba su da BSA. Ƙananan baburan Indiya da na Sin da suka cika Aboabo da Asawase da Tamale ba su da wannan linzami ko kaɗan, saboda haka lafiyar boris da taya da yadda aka ɗora kaya su ne kaɗai tsakanin mahayi da kwalta. Gwajin nan na ɗaga tayar gaba a juya kai a hankali bai fi minti biyar ba, kuma ba a biyan ko sidi ɗaya. Muna roƙon kowane uba da ke da ɗa mai babur ya sa a yi shi a gabansa kafin ƙarshen wannan mako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.